Tarihin Mota Ruwa-Biyu da Darasinsa ga Mai Saye

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, hirar masu mota ta sake salo a Nijeriya. Litar da ake saye a kan abin da bai kai Naira 200 ba sai ga ta ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuwa ta haura Naira 1,000. A da, idan mutum ya sayi mota, tambayar farko da abokai za su yi masa ita ce, "Ƙirar wace shekara ce?" Yanzu kuwa sai ka ji an ce, "Yaya shan manta?" A cikin wannan hali ne sunan wata irin mota ya fara yawo a bakin dillalai da makanikai, watau wadda suke kira haibirid. A wannan maƙala za mu kira ta ruwa-biyu, domin kuwa ƙarfinta daga wuri biyu yake fitowa: injin fetur da injin lantarki mai aiki da batir.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan mota ƙirar jiya-jiya ce. Alhali kuwa an ƙera ta farko tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Maƙasudinmu a nan shi ne mu bi sawunta, mu ga yadda ta yunƙura har sau uku, da abin da ya kayar da ita a karo biyu na farko, da kuma abin da ya tsayar da ita a karo na uku. Daga nan sai mu duba abin da wannan tarihi zai koya wa mai niyyar saye ko wanda ya riga ya saya. Waiwaye dai, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.

Yadda Take Aiki

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san matsalar da ake neman warwarewa. Injin fetur almubazzari ne. Daga cikin ƙarfin da ke cikin man da ya ƙona, galibi bai fi kashi ɗaya cikin uku yake mayarwa tafiya ba, saura duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Ɓarnar tasa ta fi yawa a wuri biyu: lokacin da mota ke tsaye inji yana kuka a banza, da lokacin da take ƙoƙarin tashi daga tsaye. Shi kuwa injin lantarki, a nan ne gwanintarsa take. Idan mota na tsaye ba ya cin komai, idan kuma aka taka shi yakan ba da ƙarfinsa nan take. Nasa aibin yana wajen batir, don kuwa kilo guda na fetur ya ninka kilo guda na batir ƙarfi sau gommai. Mota mai batir zalla, musamman a zamanin da, nauyi gare ta kuma ba ta nisa.

Dabarar ruwa-biyu ita ce a haɗa su, kowane ya rufe wa ɗan'uwansa asiri, kamar yadda alfadari ya ɗauko juriyar jaki da ƙarfin goɗiya. Ta hanya uku take rage shan mai. Ta farko, da an tsaya sai injin fetur ya mutu da kansa, da an taka kuma ya tashi. Ta biyu, idan direba ya taka birki, injin lantarki yakan juye ya zama janareto, ya karɓe ƙarfin gudun ya mayar da shi wuta ya zuba a batir, maimakon ya tafi a zafin birki. Ta uku, tun da akwai mataimaki wajen tashi da hawan tudu, ba a bukatar ƙaton injin fetur. Ƙarami ya isa, kuma ana barinsa ya yi aiki a daidai gudun da ya fi tsimin mai. Irin wannan mota ba a jona ta da wutar gida. Fetur kaɗai ake zuba mata, ita take cika batirinta.

Yunƙurin Farko: 1900 zuwa 1918

A farkon ƙarni na 20 ba a riga an san irin motar da za ta yi rinjaye ba. Akwai mai tururi, akwai mai batir, akwai mai fetur, kowace da masoyanta. Mai fetur a lokacin aba ce mai ƙara da hayaƙi, kuma ba ta tashi sai an murɗa mata hannun ƙarfe daga gaba, wanda in ya ƙwace yakan karya wa mutum hannu.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai kamfanin Lohner, wanda sana'arsa ta asali ita ce ƙera wa gidan sarauta kekunan doki. Kamfanin ya ɗauki wani saurayi mai suna Ferdinand Porsche, haifaffen 1875, wanda ya goge a aikin lantarki. A babban bajekolin birnin Paris na 1900 suka nuna mota mai batir wadda aka dasa mata injin lantarki a cikin ƙafafunta na gaba. Jama'a suka yi mamaki, amma matsalar nan ta nauyin batir da gajeren zango tana nan. Sai Porsche ya rage batir, ya ɗora ƙananan injunan fetur guda biyu waɗanda ba su haɗu da taya ba sam. Aikinsu kawai su juya janareto ya ba da wuta. Ya raɗa mata suna Semper Vivus, watau "rayayyiya kullum" da harshen Latin. A 1901 aka gyara ta aka fara sayarwa da sunan Lohner-Porsche Mixte. A 1902, lokacin da Porsche yake hidimar soja, ya tuƙa Yarima Franz Ferdinand a cikin irinta, yariman nan da kisansa a 1914 ya tayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. A 1905 Henri Pieper na ƙasar Beljiyam ya nemi Amurka ta yi masa rajistar wata dabara inda injin fetur da na lantarki suke haɗuwa su tura mota tare, aka ba shi a 1909. A birnin Shikago kuma kamfanin Woods ya fitar da motarsa mai suna Dual Power a wajen 1916. Tana tafiya da batir idan gudu bai wuce mil 15 a awa ba, daga nan injin fetur ya karɓa ya kai ta mil 35.

To, me ya kashe su? Abubuwa uku ne suka taru. A 1901 aka haƙo rijiyar mai ta Spindletop a jihar Tekzas, fetur ya wadata ya yi araha. A 1908 Henry Ford ya fito da Model T, a 1913 kuma ya kafa tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, farashi ya yi ta sauka har ya kai Dala 360 a 1916. Daɗin daɗawa, a 1912 kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa sitata mai lantarki, ƙirar Charles Kettering, aka huta da murɗa hannun ƙarfe. Motar Woods kuwa kuɗinta ya haura Dala 2,600, watau kuɗin Model T bakwai. Wane ne zai biya wannan don ya yi tsimin man da ba shi da tsada? A 1918 kamfanin Woods ya rufe. Dabarar Porsche dai ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta koma kan dogo: kan jirgin ƙasa mai dizal, irin wanda ke jan tarago a ƙasarmu, injinsa janareto yake juyawa, injunan lantarki su juya ƙafafu. Amma a kan titi, an yi shekara hamsin ba a waiwaye ta sosai ba.

Yunƙuri na Biyu: Shekarun 1970

Hayaƙi ne ya fara tuna wa mutane da ita. A shekarun 1960 iskar manyan biranen Amurka, musamman Los Anjalis, ta ɓaci ƙwarai saboda yawan motoci. A 1970 majalisar ƙasar ta yi dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci su rage hayaƙi mai guba da kashi 90 cikin 100. Ana cikin haka sai yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973 ya ɓarke, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen Dala 3 zuwa kusan Dala 12 cikin 'yan watanni, aka ga dogayen layuka a gidajen mai.

A wannan zamani ne wani injiniyan lantarki Ba'amurke mai suna Victor Wouk, tare da abokin aikinsa Charles Rosen, suka ɗauki mota ƙirar Buick Skylark ta 1972, suka cire mata babban injinta, suka sa ƙarami na kamfanin Mazda, suka haɗa da injin lantarki da batura. A 1974 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada motar, ta kuwa cika sharuɗɗan hayaƙi. Amma hukumar ba ta ci gaba da shirin ba, kuɗin Wouk suka ƙare, ya haƙura. A 1976 majalisa ta yi dokar tallafa wa bincike a kan motocin lantarki da ruwa-biyu, duk da haka babu wadda ta kai kasuwa.

Dalilai biyu ne a wannan karo. Na farko, kayan aiki ba su nuna ba. Batirin da ake da shi irin na dalma ne mai ruwan asid, ga nauyi ga saurin lalacewa. Sa'an nan babu ƙaramar kwamfuta mai araha da za ta riƙa raba aiki tsakanin injunan biyu a kowane ƙiftawar ido. Na biyu, tsohon abokin gaba ya dawo. Bayan tashin farashi na 1979 sanadiyyar juyin juya halin Iran, kasuwa ta cika da mai, a 1986 farashi ya faɗi warwas. Da mai ya yi araha, sai kowa ya koma gidan jiya.

Yana da kyau mu tuna inda muke a lokacin. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, don haka abin da ya zame wa wasu masifa mu kakar arziki ya zame mana. Kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas, gwamnati kuma tana tallafa wa farashin mai. Tambayar "lita nawa take sha?" ba ta dame mu ba a lokacin, ba ta kuma dame mu sosai ba sai da tallafin ya tafi.

Yunƙuri na Uku: Japan

Wanda ya tsayar da ruwa-biyu da ƙafafunta shi ne wanda ba shi da rijiyar mai. Japan kusan duk ɗanyen man da take amfani da shi daga waje take sayowa, kuma wahalar 1973 ba ta fita daga zukatan masu masana'antunta ba. A 1993 gwamnatin Bill Clinton ta haɗa kai da manyan kamfanonin motocin Amurka uku, watau General Motors da Ford da Chrysler, don su ƙera motar da za ta yi mil 80 da galan ɗaya, ba a kuwa gayyaci kamfanonin waje ba. A cikin shekarar nan ce, bisa matsawar dattijon kamfanin Toyota, Eiji Toyoda, aka kafa wani kwamitin injiniyoyi mai suna G21, aka ɗora masa aikin tsara motar ƙarni na 21. Aka ba Takeshi Uchiyamada jagoranci, mutumin da bai taɓa shugabantar ƙirar wata mota ba.

Da farko Uchiyamada ya yi niyyar gyara injin fetur ne kawai, ya ƙara nisan da lita ke kaiwa da rabi. Sai mataimakin shugaban kamfanin, Akihiro Wada, ya ce bai yarda ba, sai dai a ninka. Babu yadda za a ninka da fetur zalla, tilas aka koma ga ruwa-biyu. Suka auna tsare-tsare kimanin 80 a kwamfuta kafin su zaɓi ɗaya. Zuciyar tsarin wata 'yar giya ce mai haƙori a tsakiya da wasu suna kewaya shi, wadda take raba ƙarfin injin fetur gida biyu, wani ya tafi taya wani ya tafi janareto, gwargwadon yadda kwamfuta ta ga ya dace. Injin fetur ɗin kuwa an gina shi a kan wata tsohuwar dabara ta James Atkinson, Baturen Ingila na shekarun 1880, wadda ke rage ƙarfi kaɗan amma ta tatse man sosai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An nuna samfurin motar a bajekolin Tokyo na 1995, amma da aka harhaɗa ta gwaji a ƙarshen shekarar, kwana 49 ta yi ba ta motsa ba. Ranar da ta motsa, mita 500 kawai ta yi ta tsaya. Sabon shugaban kamfanin, Hiroshi Okuda, maimakon ya ƙara musu lokaci sai ya rage, ya ce lalle ta fito kafin ƙarshen 1997. Babban abin da ya wahalar da su shi ne batir, wanda aka yi da sinadarin nikel tare da haɗin gwiwar kamfanin Panasonic. Ba ya son zafi, ba ya son sanyi. A lokacin gwaje-gwaje sai da injiniya ya riƙa zama a kujerar gefe da kwamfuta a cinya yana lura da zafinsa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 10 ga Disamba 1997 aka fara sayar da motar a Japan da sunan Prius, kalmar Latin mai nufin "wadda ta riga". An yi haka ne ana tsakiyar taron duniya kan ɗumamar yanayi a birnin Kiyoto. Kuɗinta Yen miliyan 2.15, kuma bisa ma'aunin gwamnatin Japan na lokacin tana yin kilomita 28 da lita ɗaya, ninki biyu na tsararrakinta. A 1999 kamfanin Honda ya fitar da tasa mai suna Insight, 'yar ƙarama mai kujera biyu, ita ce ma ta riga shiga kasuwar Amurka. Prius ta bi ta zuwa Amurka da Turai a 2000.

Abin lura shi ne, a waɗannan shekaru mai yana araha, ciniki kuma bai taka kara ya karya ba. Da a ce halin da aka nuna a 1918 da 1974 aka sake nunawa, da an binne ta karo na uku. Amma kamfanin ya jure, ya fitar da ƙira ta biyu a 2003, mai faɗi da ƙarfi. Da farashin mai ya fara hawa, har ganga ta kai Dala 147 a watan Yuli 2008, sai ya tarar da motar tana zaune a kasuwa tana jiransa. A cikin 2008 jimlar Prius da aka sayar ta haura miliyan 1, a farkon 2017 kuwa jimlar dukkan ruwa-biyun Toyota ta haura miliyan 10. Tsarin ya shiga Highlander da Lexus RX a 2005, da Camry a 2006. Ford ya fitar da Escape ruwa-biyu a 2004, daga 2005 aka fara tasi da ita a Niyok, inda wasu suka yi ɗaruruwan dubban mil da batirinsu na asali. Daga baya aka sami wani reshe, mai babban batir da ake iya jonawa da wutar gida: kamfanin BYD na Sin ya fara a 2008, Chevrolet Volt ta biyo baya a 2010.

Darasi ga Mai Mota

Wannan tarihi ya nuna abu biyu. Farashin mai shi ke yanke wa ruwa-biyu hukunci, batir kuwa shi ne ranta. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Game da tsimin mai, lissafi ya kamata a yi, kada a bi zancen dillali. Alal misali, a ce mutum yana tafiyar kilomita 15,000 a shekara. Idan motarsa tana yin kilomita 10 da lita, zai sha lita 1,500. Idan tana yin 20, zai sha 750. Sai ya ninka bambancin da kuɗin lita, ya kwatanta da ƙarin kuɗin da zai biya wajen saye, ya kuma ware wani abu don ranar da batir zai gaji. Wanda ke yini cikin cunkoson gari, tsaya-tafi tsaya-tafi, shi ne zai fi cin riba, domin a nan ne kashe inji da birkin mayar da wuta suke aiki. Wanda aikinsa zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da gudu mai yawa, ribarsa kaɗan ce, don injin fetur ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin. Haka kuma alƙaluman da kamfani ke bugawa na ɗakin gwaji ne. A kan titi, da na'urar sanyaya mota a kunne cikin zafin bazara, ba a samunsu cif. Taka totur a hankali, fara rage gudu tun daga nesa, da cika iskar taya daidai, su ne suke kusantar da mutum gare su.

Game da batir kuwa, a tuna injiniyan nan mai kwamfuta a cinya. A Prius ƙira ta biyu batirin ƙunshi 28 ne aka jera, kowane bolt 7.2, jimla bolt 201.6. Kwamfuta ba ta barinsa ya cika fal ko ya ƙare ƙaf. Tana riƙe shi tsakanin wajen kashi 40 da kashi 80, wannan ne sirrin daɗewarsa. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata 'yar fanka da ke zuƙa daga wata kafa kusa da kujerar baya. A ƙasa mai zafi da ƙurar hunturu irin tamu, wannan kafa ita ce wurin da ya fi bukatar ido. Idan ƙura ta toshe fankar, ko aka tare kafar da kaya, batir zai riƙa dahuwa a hankali mai shi bai sani ba. Saboda haka a riƙa share ta, a ajiye mota a inuwa, kada kuma a bar ta watanni ba a tuƙa ba, don batirin yana zubar da wutarsa in an jingine shi.

Galibin motocin da ke shigo mana an riga an more su a waje. Garantin da aka saba bayarwa a Amurka kan batir shekara 8 ne ko mil 100,000, daga ƙirar 2020 Toyota ya mai da nasa shekara 10 ko mil 150,000. Motar da ta shekara 12 ke nan ta fita daga wannan inuwa. Alamun gajiyar batir sanannu ne: ma'auninsa yana cika yana zubewa cikin 'yan mintuna, fanka tana ƙara ba ƙaƙƙautawa, injin fetur ba ya hutawa, shan mai ya ƙaru. Kada a biya kuɗin mota sai an jona mata na'urar bincike an karanta ƙarfin kowane ƙunshi. Sauya ƙunshi ɗaya ko biyu da tsofaffi yakan tayar da mota, amma faci ne, don sauran ma suna kan hanya.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji da rashin saninsu ke jawo asara. Duk wayar da aka yi wa launin ruwan lemo tana ɗauke da wutar da za ta iya kisa, ba ta taɓuwa sai ga wanda ya koyi aikin, da safar hannu ta musamman, bayan an zare makullin batir. Ban da babban batir akwai ƙarami mai bolt 12 wanda ke tayar da kwamfuta. In ya mutu mota ba za ta tashi ba, kuma sau da yawa akan ɗora wa babban laifin ƙaramin. Kada a yi amfani da shi a ba wata mota wuta, kada kuma a juya kan waya wajen ba shi. Na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da inji tana da nata ruwan sanyaya dabam da na lagireto. Kwamfuresar sanyi a yawancinsu mai lantarki ce, tana da nata mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Zuba mata na sauran motoci yana iya kashe ta. Baƙin mai sai irin marar kauri da kamfani ya rubuta. Ba a jan motar da igiya ƙafafun da ke turata suna ƙasa, sai a ɗora ta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sauƙi: takalmin birki yana daɗewa ƙwarai tun da janareto ne ke yawan aikin tsayarwa, kuma a tsarin Toyota babu sitata da kuloci irin na sauran motoci balle su lalace.

Kayan Ƙari

Al'adarmu ce in an sayi mota a ƙawata ta. A nan ma sai an zaɓa. Manyan ƙafafu masu faɗi, da kariyar kaya a kan rufi, da ƙarfen gaba, duk suna ƙara nauyi ko su tare iska, su cinye ribar da aka sayi motar dominta. Rigar kujerar da ta rufe kafar fanka kuwa ta fi su duka illa. Kayan da suka cancanci kuɗinsu ƙanana ne: ma'aunin iskar taya, abin tare rana a gilashin gaba, 'yar ragar tace ƙura a bakin fanka, da 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta aiko da bayanin batir cikin wayar hannu. Wasu kuma sukan sa farantin ƙarfe su kare matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke wa laƙabi da indomi, domin ɓarayi a Ingila da Amurka sun fi farautar ta Prius saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Wani kayan ƙarin tarihi ne ya haife shi. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta watan Maris 2011 a Japan, wuta ta ɗauke a garuruwa da dama, sai aka ga masu Estima ruwa-biyu suna jona fitila da tukunyar lantarki a soket mai wat 1,500 da ke cikin motar. Daga nan kamfanin ya fara sa irin wannan soket a wasu motocinsa ga mai so. Ga mutanen da suka saba da ɗaukewar wuta abin sha'awa ne, sai dai a kiyaye: injin yakan tashi da kansa don ya cika batir, saboda haka barin motar a kunne cikin rufaffen gareji daidai yake da kwana da janareto a ɗaki. Haka nan shirunta a ƙaramin gudu haɗari ne ga makafi da yara, abin da ya sa Amurka ta yi doka a 2010, Tarayyar Turai kuma daga 2019, cewa a sa wa irin waɗannan motoci abin yin ƙara.

Kammalawa

Shekara 97 ke tsakanin motar Porsche da Prius. A tsawon wannan lokaci tunanin bai canza ba. Abin da aka jira shi ne batir mai juriya, da kwamfuta mai araha, da kamfanin da zai daure har mai ya yi tsada. Mu tsadar ta riske mu a 2023, motar kuwa tana iso mana bayan ta tsufa a hannun wasu, ta tarar da zafi da ƙura da gareji waɗanda aka horar a kan Peugeot da kafireto. Idan masu saye suka yi lissafi kafin su biya, makanikai suka koyi karanta batir kafin su kwance shi, kwalejojin fasaha da sassan injiniya na jami'o'inmu kuma suka shigar da wannan ilmi cikin abin da suke koyarwa, ribar za ta tabbata. In ba haka ba, kuɗin da aka tsimi a gidan mai za su ƙare a gareji, a ce motar ce ba ta da kyau, alhali kuwa wata 'yar fanka ce a bayan kujera aka bari ƙura ta toshe.